Ƙoshiyar da Gara Ta Cinye

Unguwar Kanawa, Kaduna
Satumba, 2019

Yaya Idris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Husaina da yara da duk mutanenmu na Zangon Kwatano. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ciwon ƙafata ya yi sauƙi. Na gode da addu'ar da ka sa aka yi wa Baban yara a masallacinku, Allah Ya saka da alheri.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu. Tun da aka yi rasuwar nan, in na ɗauki waya sai muryata ta karye, in yi ta kuka ina cinye maka kati. Shi ya sa na zauna na rubuta, Sumayya za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Ka yi haƙuri da hannuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, albishirinka! Za a tada masaƙa!

Malam Zakariyya ne ya zo jiya da hantsi, abokin aikin marigayi, wanda injinsa ke kusa da nasa. Ina takaba, daga bayan labule muka gaisa. Ya ce tunda an rufe boda, an kuma matsa wa masu shigo da yadi, wani Alhaji ya karɓi ɓangaren saƙa na tsohuwar masaƙarsu ta ƙetaren gada, zai tada shi. Ana neman tsofaffin ma'aikata, wanda ya rasu kuma a kawo ɗansa. Shi ya riga ya ambaci Sharhabil.

Na rasa inda zan sa kaina. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Na dafa wa baƙo shayi, ashe ban sa ganye ba, ruwan zafi da sukari na aika masa, ya shanye tas. Ka san marigayi, tun ranar da aka kulle ƙofar masaƙa bai sake zama daidai ba. Ya yi gadi, ya yi acaɓa, ya sayar da kalanzir, amma duk wanda ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce masaƙi. Kullum yana ce min, "Ran da aka hana kayan waje shigowa, Hafsatu, za ki ga Kaduna." Ga ranar ta zo, shi ba ya nan.

To, ga roƙona. Na san ka yi wa Sharhabil alkawarin wuri a shagonka, yana jiran in fita takaba ya taho. Aikin waldar da yake yi a Panteka ba ya riƙe shi, ban musa ba. Amma ka bar min shi. Shi kaɗai ne namiji a gidan nan, Sumayya kuma baɗi za ta tafi ɗakinta. In ya tafi, saura ni da keken ɗinki muna kallon juna.

Sai abu na biyu. Mu matan tsofaffin ma'aikata mun yanke shawarar yin anko ranar buɗewa, ni zan ɗinka. Ka zaɓo mana atamfa mai kyau, irin mai sauƙin nan da ka saba aikowa, mai ruwan kore. Ka yi da wuri don Allah, kada rana ta riske mu.

Ƙanwarka,
Hafsatu

*

Zango, Kwatano
Oktoba, 2019

Hafsatu,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same mu lafiya. Husaina na gaishe ki, ta ce a tambaya ko kina shafa man ƙafar da ta aiko. Allah Ya jiƙan Yahaya, Ya ba ki haƙurin rashinsa.

Na karanta farkon takardarki, idona ya cika. Na karanta ƙarshenta, na yi dariya har maƙwabcin shagona ya leƙo. Ke dai taubashiyata ba ki canza ba. Wato an rufe boda an shaƙe ni, kuna shirin rawa, kuma ni zan aiko da zanen rawar? Ta wace hanya? Ta bodar da kuke murnar rufewa? Atamfar da kike kira mai sauƙin nan, a ina kike zaton ake buga ta? 'Yar Caina ce, tun daga zare har tambarin da ke bakinta. Za ku je bikin masaƙar gida a lulluɓe da kayan da kuka ce su suka kashe ta.

Yanzu bari mu bar wasa. Ni da Yahaya mun sha wannan gardama, har abinci ya huce a gabanmu. Da kin ga bodar Seme a kwanakin nan. Motoci sun jeru iya ganinki, abarba da tumatir na ruɓewa a ciki, wari ya hana mutane salla kusa. Direbobin da 'yan dakon da ke kwance ƙarƙashin tireloli, daga Katsina suke, daga Sakkwato, daga Zariya. Su ba ma'aikata ba ne? Ba su da 'ya'ya? Ke kanki, kekenki me yake ci in ba yadin da muke shigowa da shi ba? Matar mai faci ta san sabon zane ranar Salla ne saboda kayan nan masu araha.

Kuma ba mu kaɗai muka kada masaƙa ba. Kafin kwantenata ta farko ta sauka, wuta ta daina zama, baƙin mai ya yi tsada, auduga ta ja baya, injuna sun tsufa ba a sake su ba. Gawa muka tarar, Hafsatu, ba mu muka yi kisan ba.

Maganar Sharhabil. Sau nawa aka yi alkawarin buɗe masaƙun nan tun yana rarrafe? Ni ciniki ya ragu, amma ina juya kaya zuwa Lome da Yamai, ina buƙatar nawa a kusa. Zan riƙe masa wurin har ƙarshen shekara. Bayan nan akwai Ahmad ɗan maƙwabcina, ubansa kullum sai ya min zarya. Kada tausayin kanki ya sa yaro ya zauna yana jiran ƙofar da ba za ta buɗe ba.

Yayanki,
Idris

*

Unguwar Kanawa
Oktoba, 2019

Yaya Idris,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Na fita takaba ranar Juma'ar da ta wuce, 'yan'uwa sun zo daga Zariya, an yi addu'a. Ka ce wa Husaina ina shafawa.

Zan fara da abin da ya tsaya min a wuya. Ka rasa kalmar da za ka aiko gidan da aka fitar da gawa sai gawa? Na san masaƙa kake nufi. Amma mutumin da ya yi shekaru yana goge takalmin aikinsa duk Asabar, ko za a kira su, wato gawa yake ta yi wa hidima? Na ajiye takardar na yini ban ci abinci ba. Kuma ba tausayin kaina kaɗai nake ji ba. To, na faɗa, ya fita daga raina.

Amma batun anko, wallahi ka kama ni. Mun taru a gidan Ummulkhairi a Kinkinau, na karanta musu wurin. Binta matar Malam Zakariyya ta zabura ta ce, "Ƙarya yake! Ai ga Najeriya nan an rubuta a bakin zanen."

Ummulkhairi ta ce, "Ke Binta, ni ma in na rubuta Makka a goshina sai ki fara ce min Hajiya?"

Sai kowa ta kama bakin zanenta tana dubawa, ana murzawa, ana shinshinawa. Duk ɗakin nan, matan masaƙa zalla, ba wadda ta ɗaura na gida. Muka kalli juna. Can wata tsohuwa ta ce, "Ashe mu ne 'yan fasa-ƙwaurin." Muka kwashe da dariya har hawaye. Rabona da dariya irin wannan tun kafin ya kwanta ciwo. An fasa anko. Kowa za ta tono tsohuwar atamfar masaƙa daga ƙasan akwati, ko ta koɗe.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma abin ya fara taɓa ni. Yadi ya hau a kasuwa. Matar da ta saba kawo min ɗinkin kayan makaranta na 'ya'yanta duka, bana na babban kawai ta kawo, ta ce in rage wa ƙananan tsofaffi. Akwai ranar da keke ke yini a rufe. Shinkafa kuwa ba a magana.

Ni ban san wa ya fi gaskiya tsakaninka da marigayi ba. Abin da na gani da idona shi ne, lokacin da masaƙa ke aiki zane yana da tsada, amma ƙarshen wata mai nama da mai kayan miya da tela duk sun san an yi albashi. Da ta tsaya, zane ya yi araha, muka koma muna kallonsa a rataye. In wannan tsadar ce za ta sa ɗana ya samu aiki a garin ubansa, zan jure ta. Ban ce mai dako a Seme ya jure ba, shi ban san me zan ce masa ba.

Sharhabil ya soma bin dattawan zuwa share injuna. Da sassafe yake fita.

Hafsatu

*

Unguwar Kanawa
Disamba, 2019

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata lafiya. Shiru, shiru. Sumayya ta ce takardata ta shiga wayarka tun ranar, an ma buɗe ta. In fushi ka yi, ni ce ƙarama, ka yafe min. Wanda ke cikin rashi bakinsa ba ya da linzami. Ba ni da wani yaya da ya wuce ka.

Ga labari, rabinsa daɗi. Injuna sun motsa! Sharhabil ya ce da suka buɗe zauren, jemagu ne suka tarbe su, ga ciyawa ta fasa siminti. Dattawan nan kowa ya nufi injinsa kai tsaye ba tare da an nuna masa ba. Malam Zakariyya ya kai shi gaban na Babansa ya ce, "Ga gadonka, sai ka wanke." Suka yi ta kankare tsatsa, suna zuba mai. Ranar da aka tada janareta ƙafafun inji suka juya, ya ce wani tsoho zama ya yi a ƙasa ya rufe fuska da hula. Yaron nan ya dawo gida baƙi ƙirin da mai, ya ci tuwo kwano biyu, yana ba ni labari da baki cike. Na ce Alhamdu lillahi, an gama.

Ashe da saura. Ka san ƙoshiya, katakon nan mai kama da ɗan kwalekwale da ke ɗauke da zare yana kai da komowa cikin inji. In ba ita ba saƙa. Suna nan a akwatuna cikin sito, kowa ya saki jiki. Da aka buɗe, gara ta cinye su tas. Ka ɗauka a hannu sai ta marmashe.

Sharhabil ya ce ba komai, akwai Panteka, wurin da ba abin da ba a ƙerawa. Shi da wani kafinta suka sassaƙa ta maɗaci, ya yi mata bakin ƙarfe, ta yi kyau kamar a ajiye a falo. Da aka sa ta a inji, sai ta yi tsalle ta fice kamar harsashi, ta tafi da hular Malam Zakariyya, ta fasa taga. Allah Ya kiyaye kunnensa. Sun sake gwadawa, ta tsage. Wai katakon na musamman ne, matsa shi ake da inji, a Indiya ake yi. Alhaji ya je banki neman dala, an ce ya jira. Yana ta jira. An ɗaga ranar buɗewa, ba a sa wata ba.

Jiya Sharhabil ya zauna bakin ƙofata ya ce, "Umma, in shekara ta ƙare ba a tashi ba, zan tafi wurin Kawu. Ba zan zauna kina ciyar da ni da keken da ba ya juyawa ba." Ban ce masa a'a ba. Da wane baki?

Ka amsa min ko da layi ɗaya ne.

Ƙanwarka,
Hafsatu

*

Kwatano
Disamba, 2019

Hafsatu,

Wa alaikumus salam. Wane irin fushi? Hawan jini ne ya kwantar da ni, Husaina ta ƙwace wayar ta hana ni ganin komai, ita ta buɗe saƙon ba ta faɗa min ba. Na sami sauƙi. Abin da ya tada shi, sallamar ma'aikata na yi, cikinsu har da Nuraddeen da ya daɗe tare da ni, matarsa da tsohon ciki. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan nauyi ba.

Kalmar nan kuwa ni na yi kuskure. Ɗan kasuwa ne ya rubuta ta, ba yayanki ba. Ki yafe min. Yahaya ya fi ni riƙon amana, na sani tun yana da rai.

Sai dai likita ya hana ni dariya mai ƙarfi, ke kuma kin aiko min da hular Malam Zakariyya. To ga shi nan. Kun rufe ƙofa don kada kayan waje su shigo, yanzu masaƙar taku tana tsaye bakin ƙofar tana leƙen ko ɗan kayan waje zai zo. Da Yahaya na nan da yau na ci gardama. Ko da yake zai ce da masaƙu ba su mutu ba, da tuni akwai mai matsa katakon a Kaduna. Ina jin muryarsa.

Akwai wani Ba'indiye da nake sayen yadi wurinsa, na tura masa bayani, ya ce garinsu har yanzu ana amfani da irin injunan nan, ƙoshiya kamar gyaɗa. Ki ce wa Sharhabil ya auna wadda gara ta fi ragawa, ya turo min hoto yau ɗin nan. Ki haɗa ni da Alhajin naku mu daidaita. Ta jirgi za su zo Legas, ta ƙofar gaba, a biya kwastam cif, kada a ce ɗan Kwatano ya sa wa masaƙa haram. In Alhaji ya ga kuɗin fito ya yi ƙara, ki ce masa ai kariyar kayan gida ce da yake so.

Na roƙi uban Ahmad ya ƙara haƙuri zuwa ƙarshen Fabrairu. Wurin guda ne ya rage, na mai riƙe min sito, kuma jikina ya nuna min ba zan iya ni kaɗai ba. Daga nan ba ƙari.

Idris

*

Unguwar Kanawa
Fabrairu, 2020

Yaya Idris,

Assalamu alaikum! Yaya jiki? Ka riƙa shan magani, ka rage gishiri, ka bi maganar Husaina. Ka gaishe min da Nuraddeen, ina sa matarsa a addu'a. 

Ƙoshiyoyin sun iso! Sun daɗe a Legas har na cire rai, amma sun iso, kuma sun zauna daram kamar don injin aka yi su. Ran Litinin aka tada. Ba a yi biki ba, Alhaji ya ce kuɗin rumfa gara a zuba a janareta. Ni dai ban iya zama ba. Na hau Keke Napep na ƙetare gada, karo na farko tun da muka kai marigayi asibiti. Na tsaya bakin zaure, mai gadi ya ce mata ba sa shiga, Malam Zakariyya ya ce, "Wannan matar Yahaya ce," sai ya matsa.

Yaya, ƙara! Har cikin haƙorana nake jin ta. Zauren nan ƙato, layi ɗaya ne kawai ke aiki, sauran duk a rufe da buhuna. Amma layin nan yana aiki. Na hango Sharhabil ya sunkuya yana ƙulla zaren da ya tsinke, farin yadi na sauka a gabansa a hankali. Bai gan ni ba. Ban kira shi ba.

Kada ka ce na ruɗe, zan faɗi sauran. Akoko ne kawai suke saƙawa, ba atamfa ba. Na taɓa shi, yana da kauri, amma ya fi na waje tsada, ni kaina ban isa in saya in yi ɗinki da shi ba tukuna. An ɗauki mutane kaɗan, da yawa sun koma gida da takalmansu a goge, mijin Ummulkhairi na ciki, ban san yadda zan haɗa ido da ita ba. Alhaji kuma ya gaya musu ƙiri-ƙiri, in aka buɗe boda gobe wuta ba ta gyaru ba, ba zai iya ja da kayanku ba. Sharhabil ma gwaji aka ɗauke shi. Duk na sani. Na zaunar da shi na ce, "Wurin Kawunka ya fi tabbas, in ka tafi ba zan riƙe ka a raina ba." Ya ce, "Umma, bari in ga ƙarshen wannan zaren tukuna."

Akwai abin da na manta shekara da shekaru, sai shekaranjiya ya dawo min. Masaƙa in sun tashi aiki kunnensu a toshe yake, ba sa jin muryar kansu. Haka Baban yara yake dawo mana kullum. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji an kwaɗa sallama tun daga zaure, kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Yaron nan ya shigo, auduga a gashinsa har gira, ya ce, "UMMA, AKWAI RUWAN ZAFI?" Kaji suka watse. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce lafiya, faɗa ake? Sumayya ta ce, "Yaya, don Allah rage murya, ba kurame ba ne a gidan."

Na ce mata ta ƙyale shi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima, sannan na fito na ɗora ruwan.

Ka kira uban Ahmad ka ba ɗansa wurin nan, Allah Ya sa ya riƙe maka amana. Nawa yana nan.

Ƙanwarka har kullum,
Hafsatu